Suna Ya Iso, Bayani Bai Iso Ba: Tarihin Bayyana Fasahar Kifi Daga Tafkin Chadi Zuwa Kasuwar Baga Road

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshen Hausa sun daɗe suna tattaunawa a kan ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha, an yi tarurruka, an kuma wallafa ƙamusoshi. Sai dai mafi yawan wannan aiki ya karkata ne ga aji da littafin makaranta. Ba a cika waiwayar mutumin da ke tsaye a kasuwa ko a bakin ruwa ba, wanda sabuwar fasaha ke faɗowa hannunsa kai tsaye, alhali bai san harshen da aka rubuta bayaninta da shi ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wasu fasahohi suka shiga sana'ar su da cinikin kifi a yankin Tafkin Chadi daga wajen 1960, tana mai ɗaukar Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri a matsayin mahaɗar labarin.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kowace fasaha tana zuwa da sunanta, da ma'aunin aiki da ita, da kuma dalilin da ya sa aka aza mata iyaka. Suna yakan shiga Hausa da kansa, domin kasuwa ba ta jiran malamin jami'a kafin ta raɗa wa kaya suna. Ma'auni da dalili su ne ke buƙatar mai bayani, kuma tarihin wannan kasuwa ya nuna abin da kan faru idan aka rasa shi.

2.0 Tafki, Hanya da Kasuwa

Kasuwar ta samo sunanta ne daga hanyar da ta fita daga Maiduguri zuwa Baga, garin da ke Ƙaramar Hukumar Kukawa, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma a 1964 ne Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1985, ya sa tafkin ya rabu biyu, ya kuma ƙanƙance har ya koma ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na girmansa na da. Da ruwa mai zurfi ya zama fadama, sai giwan ruwa ya yi ƙaranci, kifayen da ke jure wa taɓo da ciyayi irin su tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa suka rinjaya.

Daga Doron Baga da tsibiran tafkin ake tattaro kifi, a kawo shi Maiduguri, daga nan manyan motoci su kwashe shi zuwa Onica da Inugu da Ibadan da Legas. Nisan tafiya da zafin rana sun sa ɗanyen kifi ba ya kai labari, don haka kusan duk abin da ake fatauci busasshe ne. Wanda ya fi shahara shi ne banda, wato a daddatsa babban kifi gunduwa-gunduwa, a sha masa iska, a babbaka shi ko a kyafe shi da hayaƙi, sannan a ƙarasa busar da shi a rana.

Ta fuskar harshe, yankin taron dangi ne. Akwai Buduma mazauna tsibirai, da Kanembu da Barebari, da Larabawan Shuwa, ga kuma fataken Ibo da Yarbawa masu sauka wurin fatoma, wato maigidan da ke ba su masauki ya tsaya musu a ciniki. Masuntan Hausawa daga ƙasashen Kabi da Sakkwato da Haɗeja sun yi ta kwararowa tafkin, har Hausa ta zama harshen da waɗannan al'ummu ke haɗuwa a kansa wajen ciniki. Duk Bahaushen da aiki ya kawo shi Barno zai lura cewa Hausar wannan kasuwa tana da nata ɗanɗano, amma tana biyan buƙatar mai saye da mai sayarwa. Ke nan duk bayanin fasahar da ake son ya ratsa wannan sana'a daga bakin ruwa zuwa cikin mota, da Hausa ya fi saurin tafiya.

3.0 Gadon Rubutun Kimiyya da Hausa

Ba za a ce Hausa ba ta da al'adar bayyana ilimin zamani ga jama'a ba. Wajen 1930 Gwamnatin Arewa ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. East da Imam sun haɗa hannu sun rubuta Ikon Allah, littafi mai juzu'i biyar da ya fito tsakanin 1949 da 1952, wanda ke bayanin halittu da yanayin duniya cikin Hausar da mai karatun yaƙi da jahilci zai iya bi. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa da jaridun larduna, cikinsu har da Albishir ta lardin Barno. Bayan samun mulkin kai, sashen yaɗa binciken aikin gona na Samaru ya ci gaba da fitar da takardun wayar da kai da shirye-shiryen rediyo da Hausa.

Abin lura shi ne, ƙarfin wannan gado ya tafi ne ga lafiya da tsabta da noman gyaɗa da auduga, kuma cibiyarsa Zariya ce. Binciken kifin Chadi ya bi wata hanya dabam. A ɓangaren Nijeriya, tashar binciken kifi ta Gwamnatin Tarayya da ke Malamfatori ta yi aiki a shekarun 1960, kuma da Ingilishi take rubuta rahotanninta. A ɓangaren Chadi, masanan hukumar ORSTOM ta Faransa suna zaune a Fort-Lamy, wadda ta koma Injamena a 1973, suna rubutu da Faransanci. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, aka kuma buɗe makarantar koyon fasahar kifi ta tarayya a Baga a ƙarshen waɗannan shekaru. A 1987 aka sake tsarin cibiyoyin bincike, aka mayar da hankalin cibiyar Chadi ga alkama da gero da sha'ir, binciken kifin ruwan daɗi ya koma hannun cibiyar da ke Sabuwar Busa, can bakin Tafkin Kainji. Ilimi ya taru ƙwarai, amma masani ne ke rubuta wa ɗan'uwansa masani.

Haka ma aikin kalmomi na baya-bayan nan. Ƙamus ɗin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, wanda ya ƙunshi Hausa da Kanuri, ya fito a 1987, sannan ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990. Dukkansu ayyuka ne masu daraja, amma ɗalibi da malaminsa aka nufa da su.

4.0 Fasahar da Ta Koyar da Kanta

Duk da wannan giɓi, wasu fasahohi sun mamaye tafkin ba tare da takarda ko ɗaya ba. Ta farko ita ce koma ta zaren nailan, wadda ta bazu tun farkon shekarun 1960. Kafin ita, da zaren auduga ko na rama ake saƙa koma, mai saurin ruɓewa, mai buƙatar shanya kullum. Nailan ba ya ruɓewa da wuri, ba shi da nauyi, kifi kuma ba ya saurin ganinsa a ruwa. Masunci ba ya buƙatar lacca a kan wannan. Kamun maƙwabcinsa ya ishe shi hujja. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne yadda masunta suka warware matsalar ma'auni da kansu. Masana suna auna faɗin idon koma da inci ko milimita, su kuwa masunta da yatsu suke aunawa, a ce koma mai yatsa biyu ko mai yatsa huɗu, gwargwadon yatsun da ke shiga idon. Wannan fassara ce cikakkiya, domin ta mayar da ma'aunin baƙo zuwa abin da kowa ke yawo da shi a jikinsa.

Ta biyu ita ce injin da ake maƙala wa jirgin katako. Da shi ne kalmomi irin su farfela da fulogi da baƙin mai suka zama ruwan dare a bakin tafki. Irin wannan inji yana son a gauraya fetur da baƙin mai bisa ƙa'ida, kuma wanda ya kuskure gaurayen zai ga sakamako da wuri: ko hayaƙi ya turnuƙe fulogi ya toshe, ko inji ya yi zafi ya cije. Injin ne da kansa malamin.

Ta uku ita ce gurar Mali, tarkon da masuntan ƙasar Mali suka shigo da shi a shekarun 1980, lokacin da tafkin ya zama fadama. Ana jera irin waɗannan guraye da yawa a datse hanyar da kifi ke bi, a kira jerin dumba. Ba hukumar da ta kawo ta, kuma sunanta kansa ya adana tarihin inda ta fito.

Abin da ya haɗa waɗannan uku shi ne amfaninsu da kuskurensu duk a fili suke, kuma a kan mai aiki da su suke faɗawa. A irin wannan hali gani ya kori ji. Amma ko a nan akwai ɓangaren da ido ba ya gani. Yayin da manyan kifaye suka ragu, sai masunta suka riƙa rage faɗin idon koma, ana kama kifin da bai kai ga yin ƙwai ba. Masana sun ba da shawarar a ƙayyade faɗin ido, amma dalilin ƙayyadewar, wato cewa kifin bana shi ne uwar kifin baɗi, bayani yake buƙata, kuma ya daɗe yana kwance a rahoto.

5.0 Ƙwaro, Banda da Gamalin

Babbar jarrabawar ta zo ne ta wajen adana kifi. Abokan gabar banda biyu ne. Tun kifi yana da danshi koren ƙuda ke sauka a kansa ya yi ƙwai, kafin kwana biyu tsutsa ta fara cin tsoka. Bayan ya bushe sai wani ɗan baƙin ƙwaro, wanda masana ke kira Dermestes maculatus, ya saka ƙwansa a tsagar naman. Tsutsarsa mai gashi ita ce ke ɓarna, tana cin tsoka ta bar fata da ƙaya da gari. A yanayin zafi 'yan makonni sun isa ƙwai ya zama ƙwaron da zai sake yin wani ƙwan, don haka kwalin da ya bar Baga da nauyinsa yana iya isa kudu ya zama holoƙo. A shekarun 1970 F. N. C. Osuji na Jami'ar Ibadan ya yi rubuce-rubuce a kan rayuwar wannan ƙwaro da asarar da yake jawo wa fataucin busasshen kifi. Masana sun kuma nuna cewa gishiri yana rage ɓarnarsa, haka ma busarwa sosai da tsabtace rumbu da sake kyafe kifin da ya daɗe a ajiye.

Kafin waɗannan shawarwari su iso, wani abu ya riga su. Gammalin 20, wanda kamfanin ICI na Ingila ya riƙa yi, ruwan feshi ne da aka yi amfani da shi tun shekarun 1950 a gonakin koko na Yammacin Nijeriya don kashe ƙwarin da ke tsotse itacen. Sinadarin da ke cikinsa shi ne lindane. Da ya bazu a kasuwanni sai aka gano yana kashe kusan kowane ƙwaro, wasu suka riƙa zuba shi a kogi don kashe kifi, wasu masu banda da fatake kuma suka riƙa yayyafa shi a kan busasshen kifi. Cikin ɗan lokaci Hausa ta karɓi sunan, ya zama gamalin.

A nan ne hukuncin ido ya gaza. Wanda ya yayyafa gamalin yana ganin ƙuda ya faɗi, tsutsa ta mutu, banda ta isa kasuwa da kyanta da nauyinta. Duk abin da idonsa ya nuna masa alheri ne. Cutarwar kuwa ɓoyayyiya ce, tana ɗaukar lokaci, kuma a kan wani mutum can nesa take faɗawa. Lindane yana narkewa cikin mai, yana taruwa a kitsen jikin wanda ya ci, yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Duk wannan sananne ne ga masana, kuma akwai gargaɗi a jikin gwangwani, amma da Ingilishi. Galibi ma ba gwangwanin ne ke isa bakin ruwa ba. Ɗan tsiyaye ne a ƙaramar kwalba wadda ba ta da rubutu ko kaɗan.

6.0 Kalmar Magani da Sauran Matsaloli

Matsala ta farko ta kalma ce. Bahaushe yana cewa maganin ciwon kai, yana kuma cewa maganin ɓera da maganin ƙwari. A na farko magani yana warkar da mai sha, a na biyu yana kashe mai ci. Harshen yana da guba da dafi, amma da aka zo fassara sunan ruwan feshi sai aka zaɓi magani, kalma mai kwantar da hankali, wadda ke sa a ɗauka ƙari a kan ƙa'ida ƙarin lafiya ne. Da tun farko gubar ƙwari aka ce, da mai banda ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba ta a kan abinci.

Wannan matsala ta ƙara fitowa fili a shekarun 1980, lokacin da bincike ya nuna cewa sinadarin pirimiphos-methyl, wanda ake sayarwa da sunan Actellic, yana kare busasshen kifi, har kwamitin masana na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade iyakar abin da aka yarda ya saura a jikin kifin. To amma ga mai saye a kasuwa, wannan maganin ƙwari ne, gamalin ma maganin ƙwari ne. Idan suna ɗaya ne, mai araha da saurin kisa shi zai yi nasara.

Matsala ta biyu ta ma'auni ce. Lamba 20 da ke jikin sunan Gammalin tana nufin kashi 20 cikin ɗari na ruwan sinadari ne tsantsa, wanda sai an tsarma shi da ruwa mai yawa kafin a fesa wa itace. Ga wanda ba a yi wa bayani ba, lambar wani ɓangare ne na suna kawai. Umarnin da aka rubuta da mililita da lita ba shi da amfani ga mutumin da ma'auninsa murfin kwalba ne da gwangwanin tumatir da bokiti. Masuntan da suka mayar da inci zuwa yatsu sun riga sun nuna hanyar da ta kamata marubuci ya bi.

Matsala ta uku ta dalili ce. Hani ba tare da dalili ba, ga ɗan kasuwa, wata dabara ce ta hukuma don hana shi cin riba. Mai bayani yana bukatar ya kawo ɓoyayyen abu kusa da ido. Alal misali, maimakon a ce sinadarin yana taruwa a ƙwayoyin kitse, ana iya cewa: wannan guba tana kama man kifi kamar yadda shuni ke kama farin zane, wanki da dafuwa ba sa raba ta da shi gaba ɗaya, kaɗan yau, kaɗan gobe, tana taruwa a jikin mai ci har ta fito a nonon uwa. Babu kalmar aro ko ɗaya a wannan bayani, kuma bai rage komai daga gaskiyar kimiyya ba.

Akwai darasi daga Gana. A 1969 Cibiyar Binciken Abinci ta ƙasar, da taimakon hukumar FAO, ta fito da murhun kyafe kifi mai tire-tire da ake ɗora wa juna, wanda ke rage cin itace, ya kuma busar da kifi daidai. Tare da matan ƙauyen Chorkor na kusa da Akara aka gwada shi, da sunan ƙauyensu ya shahara, kuma mata masu sana'ar ne suka riƙa koya wa 'yan'uwansu da harshensu. Ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka.

7.0 Daga 2009

A 2009 aka saka lindane cikin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a aikin gona, a 2015 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta lissafa shi cikin masu jawo wannan ciwo. Amma janye suna ɗaya daga kasuwa bai cike giɓin bayani ba. Sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da haɗin da Hausawa ke kira fiya-fiya, ya shiga rumbunan abinci ta wannan ƙofa, shi ma da sunan magani. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni.

A 2009 ɗin ne kuma rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri. An kai hari Kasuwar Baga Road a watan Fabrairu na 2012 da watan Maris na 2015, an kuma auka wa garin Baga kansa a watan Janairu na 2015. An yi shekaru sojoji suna taƙaita kamun kifi da safararsa. Duk lokacin da hanya ta rufe, kifi yakan daɗe a ajiye, ƙwaro ya sami sarari, jarabar neman abin yayyafawa ta ƙaru, a daidai lokacin da malaman gona ba sa iya isa bakin ruwa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda koma ta nailan da inji da gurar Mali suka shiga sana'ar su ba tare da marubuci ba, saboda sakamakonsu a fili yake. An kuma ga yadda gamalin ya shiga da sunansa kaɗai, ya bar ma'auninsa da gargaɗinsa a jikin gwangwani. Bisa ga haka, aikin da ke gaban sassan harsunan Nijeriya, musamman na Jami'ar Maiduguri wadda ke maƙwabtaka da wannan kasuwa tun 1975, ya wuce jera kalmomi a ƙamus. Ya kamata a fara da tattara kalmomin masunta da masu banda da dillalai daga bakinsu, da Hausa da Kanuri, kafin a ƙirƙiro musu sababbi. Ya kamata masanin harshe ya zauna da masanin kifi su rubuta bayani tare, da boko da ajami, da ma'aunin murfi da bokiti, a kuma karanta wa masu sana'ar a ji abin da suka fahimta kafin a buga ko a sa a rediyo. Daga ƙarshe, ya kamata masu fassara da 'yan jarida su daidaita a kan raba guba da magani, ta yadda duk abin da bai halatta ya taɓa abinci ba za a kira shi guba, ko a takarda ko a bakin mai talla.